Takardar da Aka Naɗe Tsire da Ita

Ku matso ku ji. Wanda ya san bakinsa ba ya rufuwa ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

A wani ƙaramin gari can kudancin Katsina akwai malamin cocin Katolika, Malam Istifanus Nomau. Fada, limamin cocin, ya ba shi ajiyar wani littafi mai kauri kamar tubali, wanda ke bayyana tushen bangaskiyar Katolika, da yadda za a zauna da masu wani addini a yi magana ba tare da an zare wa juna ido ba. Da boko aka rubuta shi, amma a babin Musulunci an kawo ayoyi da Larabcinsu. Gara kuwa ina ruwanta da littafin addini? Ta cinye ɗaurin, shafuka suka zube bayan akwati. Matarsa Rifkatu ta share, ta haɗa da tsofaffin jaridu, ta miƙa wa maƙwabcinsu Mati mai tsire, kamar yadda ta saba.

Ranar kasuwa wani ya buɗe tsirensa, sai ga ayar Larabci a jikin takardar, jage-jage da mai da yaji. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta yamutse. Malam Istifanus na gida ya ji hayaniya tana tasowa kamar ruwan sama a kan kwano. Ya buɗe akwati, ya ga babin nan babu shi.

To, ga Mati. Aka shaƙe masa wuyan riga, ana cewa, "Wa ya ba ka takardar nan?" Kalma ɗaya ta ishe shi ya tsira. Ya ce, "Ni na naɗe, ni za ku tambaya." Aka kifar da tukubarsa, aka fasa masa leɓe, aka watsar da nama a ƙasa, bai ambaci sunan kowa ba. Kafin wani ya lura da alamar gicciye a gefen shafin, an ɓata lokaci mai yawa a kansa. Daga nan taro ya juya neman malamin coci.

Ga kuma Ilu direba, mai ɗaukar albasa. Da ya ga inda iska ta nufa, sai ya zagaya ta bayan gari, ya cusa Malam Istifanus da ragowar littafin ƙarƙashin buhuna. Malam yana roƙo, "Ilu, don Allah ka kai ni Funtuwa!"

"Funtuwa? Malam, ka yi karatu amma yau kanka ya toshe. Ka gudu, an ce ka amsa laifi ke nan. Cocin fa? Matarka fa?"

Ya bi ta tsakiyar masu sanduna, motarsa ɗaya tak a duniya, ana bubbuga ta yana yi musu hon da zagi, har ya tsaya ƙofar gidan Liman. Malam Istifanus da ya leƙo ya ga inda aka kawo shi, ya ce a ransa yau Ilu ya sayar da shi.

Sai Liman Zubairu, tsoho mai ciwon ƙafa. Ya zaunar da baƙonsa a zaure, ya sa ya karanta masa babin da ke kusa da wanda ya zube, jama'a na jijjiga ƙyaure. Sannan ya fito da sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce littafin bai zagi kowa ba, da ladabi ya kawo ayoyin, kuskure ne na wadda ba ta san Larabci ba. Ya ce, "Mai son baƙona, ya fara taka rawanina." Ya sa aka tsince shafukan duk, aka binne su a wuri mai tsarki. Taro ya watse yana gunaguni. Har yau akwai waɗanda ba sa bin sa salla saboda wannan tsayuwa.

Ba a jima ba Rifkatu ta haifi namiji. A al'adarsu, wanda ya ceci ranka shi kake yi wa takwara. Malam Istifanus ya rasa wanda zai zaɓa. In da Mati ya buɗe baki, da an riga Ilu isa gidan. In da Ilu ya nufi Funtuwa, da Liman bai ga littafin ba, da coci ta zama toka. In da Liman ya rufe ƙofarsa, da jinin Mati da kasadar Ilu sun tafi a banza. Ga shi garin ƙarami ne, duk wanda aka tsallake zai ji a kasuwa. Ranar suna ta matso, Fada yana jira a faɗa masa abin da zai kira yaro.

To, ku masu dogon baki, ga fili. Kada wani ya ce mini a haɗa sunaye uku, yaro ba buhun albasa ba ne. Mati, Ilu ko Zubairu: sunan wa za a raɗa wa yaron nan?