Shekarar da Gyare Suka Daina Kuka

An yi wata shekara da gyare suka daina kuka a ƙasar Makoda, kaf ɗinsu, kamar sun haɗa baki.

Mutum ɗaya ne kawai ya lura.

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gefen Makoda, sunansa Tanko, amma kowa Tanko Mai Kunne yake ce masa. Da damina manomi ne kamar kowa: gero, dawa, da 'yar gyaɗa a bayan gari. Da an kai amfani gida sai ya koma rumfarsa da ke ƙofar gida, yana haɗa akwatunan lasifika da hannunsa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a. Wa'azi, maulidi, ɗaurin aure, taron siyasa, daga nan har Kunci, in ka ji magana ta kai ƙarshen fili, to akwatin Tanko ne.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin irin wannan akwati ba: lasifika biyu ne a ciki. Babba, wufa, ita ke ɗaukar sauti mai kauri. Ƙarama, tuwita, ita ke ɗaukar siriri. A tsakaninsu akwai wani ɗan allo mai naɗin waya da 'yan ƙwayoyi, ana ce masa kirosoba. Aikinsa raba gado: wannan sautin na babba ne, wannan na ƙarama. In ya yi adalci, ba za ka san biyu ba ne, murya ɗaya za ka ji sumul. In ya yi son kai, kunnen jama'a ne ke shan wahala.

Tanko ba ya sayen kirosoba a kasuwa. Da kansa yake naɗa wayar, ya liƙa, ya saurara, ya warware zagaye uku, ya sake saurara. Ba shi da na'urar awo, kuma ba ya so.

"Allah ya ba ni guda biyu kyauta," yakan ce, yana jan leɓatun kunnensa.

Kuma gaskiya ne. A da.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tsayuwa a gindin akwati, janareta na gunji a bayansa. Kunne ba ya ban kwana in zai tafi. Kaɗan-kaɗan yake kwashe kayansa, kuma da siraran sautuka yake farawa.

Shi dai Tanko abin da ya sani, duniya ce ta lalace. Tuwitocin yanzu ba su da ƙarfi. Sauro ya daina sallama kafin ya yi cizo. Gyare kuma maganin feshi ya gama da su. Har a majalisa ya taɓa yin doguwar magana a kan haka bayan magariba, yana cewa wata rana yara za su tashi ba su san kukan gyare ba. Dattawa suka gyaɗa kai suna "Haka ne, wallahi", alhali sai da suka ɗaga murya kafin su ji juna saboda gyaren da ke ƙarƙashin benci.

To tunda tuwita ta yi rauni, sai Tanko ya riƙa ƙara mata rabo. Akwai wata ƙwaya da ke rage mata ƙarfi, rezisto. Bana ya sa ƙarama, baɗi ya sa wadda ta fi ta ƙanƙanta. Duk lokacin da ya ƙara, sai ya ji sauti ya dawo daidai. Duk lokacin da ya ƙara, sai sahun gaba a wurin wa'azi ya ƙara ja da baya.

Ba wanda ya faɗa masa. Dattijo ne, kuma shi ya haɗa lasifikar masallaci kyauta. In ya gama gwaji ya juyo ya ce, "Yaya kuka ji?" amsa ɗaya ce: "Madalla, Baba Tanko. Sai kai." Wasu ma da yatsa a kunne suke faɗa, shi kuma ya ɗauka susa suke yi.

Ana nan sai makarantar Islamiyyar garin ta sa ranar walimar sauka. A cikin ɗalibai ashirin da shida, 'yar Tanko, Nana Maryam, ita aka zaɓa ta yi karatun buɗe taro. Shekara bakwai tana hadda. Uwarta Ramlat ta san wahalar, don ita ke riƙe mata Alƙur'ani tana bi, tuwo na kan wuta.

Tanko ya ce wannan rana ba za a ji 'yarsa a tsohon akwati ba. Ya sayo katako mai kauri da sababbin lasifika, ya yi sati uku a rumfa. Akwati biyu, ya shafe su da baƙin fenti. Da ya zo kan kirosoba, ya saurara, ya ji har yanzu saman sautin a dushe yake. Sai ya cire rezisto ɗin gaba ɗaya, ya kuma buɗe wa tuwita ƙofa ta riƙa karɓar abin da ba rabonta ba.

"Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Muryarsa ce mai kauri, irin wadda komai ke yi wa kyau. Bai taɓa gwada akwati da muryar mace ba. Bai ma taɓa tunanin akwai buƙata ba.

Saura kwana huɗu, maƙwabcinsa Malam Kamaruddeen ya tsaya a rumfar. Malamin kimiyya ne a sakandare, mutum mai sanyin magana, ɗan shekara talatin. Ya gaida mutanen da ke zaune, ya yaba fenti, ya yaba katako, ya yi ta kewaye-kewaye. Sannan ya ce:

"Yaya Tanko, da za ka ba ni dama na ɗan auna shi da waya. Akwai manhajar da ke zana sautin a layi."

"Auna mana. Ai kallo ba ya ɓata kaya."

Malam Kamaruddeen ya saki wani sauti mai kama da ruwan sama a kan kwano, ya riƙe wayar a gaban akwatin. Layin ya taho lafiya daga hagu, yana ɗan hawa yana sauka kamar kunyar gona. Da ya kai wajen siraran sautuka, sai ya miƙe tsaye kamar dutse.

"Ka ga nan? Nan ne muryar mace take da kaifi. In Nana Maryam ta matso da baki kusa da makirufo, zai iya yin kuwwa, tuwitar ma tana iya ƙonewa. A mayar da rezisto, a ɗan ɗaga mahaɗar wufa da tuwita sama. Aikin minti ashirin ne."

Tanko ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Jama'a, ku duba min. Ina kunnen wannan abin yake?"

Aka yi dariya.

"Malam Kamaru, ranar sunanka ni na kafa lasifika. Da akwatina aka sanar da duniya cewa ka zo. Yau kuma ka kawo min zanen dutse. Ka kai wa 'yan ajinka su kwafa, za ka ba su maki." Ya juya ga mutane. "Yaya kuka ji sautin?"

"Madalla, Baba Tanko. Sai kai."

Malam Kamaruddeen ya sa wayarsa a aljihu, ya ce Allah ya kai mu ranar lafiya, ya wuce.

A cikin gida Ramlat ta gwada nata. Tana ajiye masa abinci ta ce, "Malam, wannan sabon akwatin naka, in ka kunna shi har haƙorana nake ji."

"Haƙoranki ne ke son likita," ya ce. Maganar ta tsaya nan.

Ranar Asabar da hantsi filin makaranta ya cika. Maza a rumfa ɗaya, mata a ɗaya, baƙi daga Kunci, babura jere a jikin katanga. Shugaban makaranta ya yi jawabi da muryarsa mai kauri, aka jure. Sannan aka kira Nana Maryam. Ta fito cikin farin hijabi, ta zauna, ta matso da makirufo.

Ayar farko ta fita kamar ana goga wuƙa a kan gilashi. Jarirai a rumfar mata suka fashe da kuka a tare. A aya ta uku akwatin ya saki wata siririyar ƙara mai huda kai, tsofaffi suka toshe kunne da hannu biyu, sahun gaba ya watse.

Tanko yana tsaye a gefen kayansa, ya harɗe hannu, yana murmushi. Shi muryar 'yarsa yake ji, tas, yadda ya daɗe bai ji ta ba. Da ya ga mata suna share ido, ya ɗauka karatun ne ya ratsa su. Sai ya ƙara ƙarfi kaɗan.

Tuwitar dama ce ta fara tafiya, da ɗan hayaƙi. Ta hagu ta bi ta. Abin da ya rage sai wani gunguni, kamar mai magana daga cikin randa. Nana Maryam ta ci gaba aya biyu, ta kai inda ba ta taɓa mantawa ba a shekara bakwai, ta manta. Ta koma baya, ta sake tsayawa a wurin. Malaminta ya ɗora mata, ba ta ji shi ba saboda hayaniya.

Ta rufe karatun, ta tashi, ta koma cikin 'yan uwanta da kai a sunkuye. A lokacin ne Tanko ya ga fuskarta.

Ya kwana yana zagin masu sayar da jabun kaya. Washegari da safe ya zauna a tsakar gida da akwatin a gabansa, yana ci gaba daga inda ya tsaya. Ramlat tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, jiya da magariba ka ji gyare?"

"Wane gyare? Ai na ce miki sun ƙare."

"Sun hana ni jin labarai a rediyo."

Ya dube ta. Ba wasa a fuskarta. Ya tashi ya sa takalmi ya nufi gidan Malam Kamaruddeen, tafiyar taku arba'in da ta ɗauke shi lokaci mai tsawo.

Malam Kamaruddeen bai ce "ai na faɗa" ba. Ya shigar da shi zaure, ya leƙa waje, ya tura ƙofa don kada mai wucewa ya gani. Ya ce zai saki sauti daga mai kauri zuwa siriri, in Tanko ya daina ji ya ɗaga hannu.

Sautin ya fara hawa. Ya hau, ya hau, ya ɓace. Tanko ya ɗaga hannu.

"Ka kashe da wuri."

Malam Kamaruddeen ya girgiza kai. Ya juyo masa da wayar. Lambobi na ci gaba da hawa. Shi kansa ya runtse ido ɗaya saboda ƙarar, kuma daga cikin gida aka ji matarsa tana cewa don Allah a kashe wannan abu.

Tanko ya zauna a cikin shirun da shi kaɗai ke cikinsa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Allah ne ya sani, Yaya. Ya kai shekara biyar."

"Kuma duk garin nan ba wanda..."

Bai ƙarasa ba, domin ya tuna akwai mutum biyu.

Da ya koma gida ya kira Nana Maryam. Ta zo ta zauna a gabansa. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Ba komai, Baba. Allah ya ƙaddara." Ta faɗa a hankali, da siririyar muryarta, sai da ya ce ta maimaita.

Sati biyu suka yi a kan akwatunan, su uku. Tanko na naɗa waya, don har yau ba mai hannunsa. Malam Kamaruddeen na riƙe da wayar awo. Ramlat na zaune kan tabarma taku goma daga akwati, in an kunna ta ce "yana sara", ko "ya yi ciki da yawa". Aka sa sababbin tuwitoci, aka mayar da rezisto, aka ɗaga mahaɗa, aka ƙara zagaye bakwai a naɗin. Kullum dutsen nan yana raguwa, har layin ya kwanta. A kunnen Tanko kuwa, kullum sautin ƙara dushewa yake, kamar an lulluɓe akwatin da bargo. Hannunsa ya sha kaiwa ga rezisto ɗin. Sai ya dubi Ramlat, ya janye.

Ranar da suka gama, ya roƙi 'yarsa ta karanta surar nan a tsakar gida. Ta karanta daga farko har ƙarshe, ba gargada. Ramlat ta rufe fuska da mayafi. Malam Kamaruddeen, daga bakin zaure, ya ce bai taɓa jin akwati irin wannan ba, ko a Kano.

"Ya yi?" Tanko ya tambaya.

"Ya yi, Malam," in ji Ramlat.

Masu sauraro a ranar mutum uku ne da akuya biyu. Walimar sauka kuwa ba a yi wa mutum sau biyu.

Yanzu akwatunan Tanko sun fi na kowa daɗin sauti daga Makoda har Kunci. Haka dai mutane ke cewa. Shi bai taɓa ji ba.

Darasi: Abin da ka fi taƙama da shi yana iya barinka ba tare da ya sanar da kai ba, don haka in mutum ya daure ya faɗa maka gaskiya, kada ka mayar da shi abin dariya. Mu kuma 'yan "Madalla, sai kai", mu sani girmamawar da ke hana a faɗa wa babba gaskiya ba girmamawa ba ce, barinsa ne ya faɗi a gaban jama'a. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san da shi ake. Zai karanta, ya ce ya san wani mai irin wannan hali.