Filibus da Tukunyar da Ba Ta Ƙara

Akwai wani mutum mai suna Filibus, direban babbar mota ne, bai cika kwana a gida ba. Matarsa Briskila ce ke kula da mahaifiyarsa, tsohuwa ce wadda haƙoranta suka zube, ga kuma hawan jini. Likita ya hana ta soye-soye da gishiri mai yawa, ya kuma ce kada ta sha maganin yamma sai da abinci a cikinta.

Briskila kuwa malama ce a wata makaranta mai nisa, ba ta dawowa sai ƙarfe shida. Saboda haka ta sayi tukunyar lantarki, irin wadda ke dafa abinci a hankali tun safe har yamma. Kafin ta fita sai ta zuba wake da kabewa da albasa da ɗan nama, ta rufe, ta jona a wutar sola. In ta dawo, waken ya yi luguf, tsohuwa ta ci ta sha magani.

Wata Talata Filibus yana gida. Da Briskila za ta fita ta ce, "Maigida, don Allah kada ka taɓa murfin nan. Ka bar ta kawai."

Ya ce to. Amma shi a gidan murhu ya tashi, inda tukunya ke tafarfasa har maƙwabta su ji. Ya kasa kunne, shiru. Ba hayaƙi, ba ƙara. Sai ya ɗaga murfi ya leƙa. An jima ya sake ɗagawa, ya juya da ludayi. Kafin rana ta yi tsaka ya buɗe ta ya fi sau goma, kowane buɗewa zafin da ta tara yana ficewa. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba, yau shi ne alƙalin girki!

Wajen ƙarfe uku ya latsa ƙwayar wake, ya ji ta da tauri. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ai na sani. Wannan abin wasa ne za a ciyar da uwata da shi?" Ya juye abincin cikin tukunyar ƙarfe, ya watsa kanwa da gishiri, ya buɗe wutar gas har ƙarshe. Sa'an nan ya fita ƙofar gida yana ba maƙwabcinsa labarin ragwancin matan zamani. Ƙauri ne ya dawo da shi. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, saman kuwa ko akuya sai ta yi tunani.

Da Briskila ta dawo, ta tarar da tsohuwa zaune a tabarma, magani a tafin hannu, ba abin da za ta ci. Ta ajiye jaka ta shiga dama kunu. Filibus ya fara cewa tukunyar ce ba ta da kirki. Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Wata uku ina cin abincinta ina samun lafiya. Ina zaune a nan tun safe, Filibus. Ka tambaye ni?"

To, 'yan'uwa a cikin Kristi, ga ma'anar misalin, kuma kada kowa ya waiwayi na kusa da shi. Tukunyar ita ce zuciyar wanda ya zo wurin Ubangiji kwanan nan. Zafin nan marar ƙara aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Filibus kuwa mu ne. Mutum ya bar giya, ya lallaɓo ya zauna a bencin baya a coci, mako uku bai cika ba mun fara sansanar bakinsa. Me ya sa ba ya addu'a da ƙarfi? Ina aka gan shi ran Asabar? Mu kai wa dattawa, mu hura masa wutar faɗa, in ya gudu mu ce dama bai tuba ba. Wannan abu yana ƙona mini rai. Wa ya ba mu aikin? Allah ya fara abu a cikin mutum, mu da ba mu san lokacinsa ba muka sa hannu muka ɓata.

Kowa a nan ya san wanda ya daina zuwa coci saboda bakinmu. A makon nan ka je gidansa, ka gaishe shi, ka roƙi gafara, kada ka yi masa tambaya ko ɗaya.