Tabon Wuƙa a Gindin Inabi

An ce wai a wani gari na kan dutse, inda sanyi ke hana gero yin kirki amma inabi ke jin daɗinsa, an yi wani mutum, Jatau, bafatake. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu lambun inabi, shi da ƙanensa Tanimu. Su biyun fatauci ya raba su da gida tun suna samari, ba su san lambun ba sai ranar tsinka. Sai suka damƙa shi ga Dikko, ɗan Jatau, wanda ya tashi a hannun kakansa.

Da suka dawo daga tafiya a ƙarshen sanyi, suka tarar da lambun fayau. An datse rassa duka, sai kututture tsaye kamar turakun awaki.

Tanimu ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Yaya, ɗanka ya yi wa gadonmu aski! Ko a kore shi a sayar da filin, ko mu je gaban alƙali."

Jatau ya kasa cin abinci. In ya kāre ɗansa, a ce son kai. In ya yi shiru, yaron ya rasa lambun da ya girma a ciki, ya kuma rasa mutunci a gari. Ya ja yaron gefe ya ce, "Dikko, don Allah me ya kai ka?"

Dikko ya ce, "Baba, haka Kaka yake yi."

"To, ina shaida? Kakan yana kabari."

Da aka je gaban alƙali, ya saurari kowa, sa'an nan ya ce shi ba ya shari'ar itace daga kan buzu. Ya sa takalmi, jama'a suka bi shi har lambun. Ya durƙusa gaban kuringar inabin da ta fi tsufa, ya daɗe yana shafa ta. Ya ce, "Tanimu, zo ka taɓa nan. Mene ne wannan?"

"Allah ya gafarta malam, sabon yanka ne. Aikin wannan ɗan nema ke nan."

"Ƙarƙashinsa fa?"

"Tsohon tabo ne."

"Ci gaba da ƙirgawa, ba ma sauri."

Tanimu ya bi tabo bayan tabo, muryarsa tana raguwa, har ya kai ashirin da bakwai.

Alƙali ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Ya ce, "Dikko bai cika shekara ashirin da biyar ba, to wa ya yi yankan farko? Ku duba, kowane yanka an bar masa ido biyu don toho, na bana ma haka. In na hukunta yaron nan sau ɗaya, sai na hukunta mahaifinku sau ashirin da bakwai. Tanimu, za ka shigar da ƙararsa?"

Jama'a suka fashe da dariya. Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na janye."

Jatau ya kama hannun ɗansa ya riƙe.

Da lokacin tsinka ya zo, sai da aka ƙara tokare rumfunan inabin da gwafanni saboda nauyin 'ya'ya. Tanimu ne ya fara cika kwando, Dikko yana ce masa, "Baffa, a hankali, askin ne ya yi gashi."

Wanda bai tsaya ya ga yadda uba yake aiki ba, kada ya yi saurin kiran aikin ɗa ɓarna.