Yatsu Uku Tsakanin Taurari Biyu

Maigidana, Jagaba Arzika, mai ja wa ayarin fatake gora, ya rasu. Tun ranar babu mai tsayawa a tsakar gidan nan bayan magariba ya miƙe hannu sama yana auna taurari da yatsu. Ni Dela ban yi zurfi a karatu ba, izu biyu na yi aka kai ni ɗaki. Amma abin da na gani da idona zan faɗa muku.

A zamanin da, lokacin da ayarin fatake ke wata uku a daji kafin ya ga gida, muna zaune a birnin wani Sarki mai adalci, sai dai akwai shi da saurin tsorata. Wazirinsa, Barmo, abokin maigidana ne tun suna yara. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawarsa.

A shekarar aka yi damina mai ƙarfi, har katangar fada ta yamma ta zube. Wata rana Sarki ya idar da magariba, ya ɗaga kai ta wannan giɓi, sai ya ga taurari biyu masu haske, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kashegari ya ga sun ƙara matsowa kusa da juna. Ya sa aka kira Cindo, ɗan duban fada, wanda ya daɗe yana jin haushin Waziri domin ya hana shi zama a majalisa.

Cindo ya baza ƙasa, ya zana, ya shafe, ya ce, "Zaki, na sama naka ne. Na ƙasa, mai ƙarin haske, na wanda ke zaune ƙasa da kai ne. Ranar Alhamis zai cim ma naka ya haɗiye, sai dai in ka riga shi."

Nan take aka tsare Waziri, aka yi shela cewa da safiyar Alhamis za a sare kansa.

Labari ya iske ni ranar Litinin, ina cikin takaba, ba ni da ikon fita. Na ɗauko sandar tafiyar maigidana na ba mai unguwa, na ce ya gaya wa Sarki ya ƙirga tsagin da ke jikinta kafin ya ƙirga kwanakin Waziri. Sarki ya ƙirga goma sha ɗaya, aka rasa mai fassarawa a fada. Da ya ji dalilin da ya hana ni zuwa, sai ya ce, "Ai mu ne ba mu kyauta ba, ba mu je ta'aziyya ba." Da magariba sai ga shi a ƙofar gidanmu, zana ce kawai tsakaninmu.

Bayan ya yi mini gaisuwa ya ce, "Baiwar Allah, mene ne wannan tsagi?"

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, juya yamma. Miƙe hannunka har ƙarshe, ka rufe ido ɗaya. Yatsu nawa ne tsakaninsu?"

Na ji wani bafade yana cewa, "Ke, Sarki kike aika?" Sarki ya ce ya yi shiru. Can ya ce, "Uku."

Na ce, "Gobe biyu, jibi ɗaya. Alhamis yatsa guda zai rufe su. Juma'a na ƙasa ya wuce sama, kowa ya kama hanyarsa. Mai hasken Zara ce, ɗayan Mushtari. Duk sa'ad da maigidana ya ga sun haɗu haka a kan hanya, sai ya yi tsagi ɗaya. Uku na ƙarshe, kana kan gadon sarauta aka yi su."

"A zamanina? To, yaya ban taɓa gani ba?"

"Ranka ya daɗe, ba taurari ne suka sake hali ba. Katangarka ce ta faɗi."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari. Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "In na jira, aka haɗiye ni fa?"

Na ce, "Maigidana kan ce taurari hanya suke nunawa, rai kuwa na hannun Allah. In ka jira kwana biyu, Waziri na nan a ɗaure, babu inda za shi. In ka sare shi, Juma'a ta zo ka ga taurarin biyu suna nan, wa zai mayar maka da kan a wuyansa?"

Sarki ya sake ɗaga kai ya dubi taurarin. Sannan ya ce, "An ɗaga zuwa Asabar."

Talata ya auna, biyu. Laraba, ɗaya. Ranar Alhamis ya dawo ƙofar gidanmu da Cindo, da Waziri ɗaure cikin marin ƙarfe, da rabin mutanen gari, kowa hannunsa a sama kamar masu rantsuwa. Sarki ya ce, "Yatsana ya rufe su." Cindo ya yi tsalle ya ce, "Ya haɗiye! Ban faɗa ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, janye yatsan."

Ya janye. Ni ma na leƙa ta saman zana. Ga su nan biyu, kusa da juna kamar idon mage, tsakaninsu bai fi kaurin tsinke ba, kuma kowanne da haskensa. Jama'a suka ɗauki salati. Ni kuwa hawaye suka zubo mini, domin sau biyu maigidana yana kirana in zo in gani, ina ce masa tuwo zai kama.

Juma'a suka rabu, Zara a sama. Cindo ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Zaki, duba, yanzu ya hau kanka!"

Sarki ya ce, "Jiya haɗiya, yau hawa, gobe kuma me? Matar nan tun Litinin ta faɗi abin da za a gani, ba ta sake ba. Kai kuwa sai abu ya faru kake sake zane. Tun da ƙasa ka iya taɓawa, kai za ka taka ta ginin katanga har a gama." Ya kuma umarci magina su bar taga ta yamma, kada wani Sarki ya sake tsorata da abin da makiyaya da fatake suka saba gani.

Da hannunsa ya kwance Waziri, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya mayar masa da rawaninsa. Waziri bai wuce gida ba sai da ya tsaya a bakin zanarmu. Ya ce, "Dela, na ɗauka ni na yi wa Arzika hidimar ƙarshe. Ashe shi zai yi mini." Ya ƙara shekara tara yana ba Sarki shawara, ya rasu a kan shimfiɗarsa, jikokinsa na kewaye da shi.

Na gode wa Allah da ya ba Sarkinmu kunnen sauraron mai takaba. Na gode masa da ya haɗa ni da mutumin da bai gaji da koya mini ba, ko da rabin hankalina na kan murhu. Ku da kuka ji wannan, ku taya ni roƙo: Allah ya jiƙan Jagaba Arzika da abokinsa Barmo, ya haskaka kabarinsu, ya ba shugabanninmu haƙurin dubawa kafin hukunci. Ku ce amin.