Yadda Tabawa Ta Yanki Kacalla

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso, Kaka, mu ji ta!"

"To, ku gyara zama. Wanda ya katse ni, shi zai ƙarasa."

A wani gari na bakin babban ruwa akwai wata mata, sunanta Tabawa. Ba ta da komai sai lambun albasa da 'yar koramar da ke shayar da shi. Sai kacalla ta fito. Kun dai san kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa da ke shanye tsawon namiji. Ta toshe koramar ƙam. Albasa ta fara yaushi. In ruwa bai wuce ba kafin bazara, lambu ya mutu, Tabawa kuma sai barin garin ubanta.

Dila yana kan tudu yana kallo. Shi so yake korama ta ƙafe, ya tsinci kifi a taɓo ba wahala.

Ya sauko ya ce, "Sannu, Inna. Wannan har wani aiki ne? Cinna mata wuta."

Tabawa ta cinna. Kacalla ta ƙone ƙurmus. Ba a yi wata guda ba ta sake tsirowa, kore shar, ta fi da kauri.

Dila ya ce, "Ayya, Inna, ba ki yi sa'a ba."

Tabawa ta damƙi tokar ta murza. Ta ce, "Ashe toka ce abincinta. Na ji ɗaya."

Dila ya ce, "To sare mata kai da lauje. Daga saman ruwa, kada ki jiƙa zani."

Ta sare, ta tara dammai a gaɓa. Kacalla ta sake miƙewa kamar ba a taɓa ta ba.

Dila ya ce, "Ayya, Inna."

Tabawa ta ce, "Ashe amfanin gona ce da ba ta son shuka, ba ta son noma. Na ji biyu."

Dila ya ce, "Ni dai da za ki ji tawa, da kin ɗaure kayanki kin yi gaba."

Tabawa ta ajiye lauje. Ta zauna bakin ruwa tana wanke ƙafa. Sai ga Kwaɗo ya leƙo.

Ya ce, "Inna, karya kara ɗaya ki duba cikinsa."

Ta karya. Ciki duk 'yan ƙofofi ne.

Kwaɗo ya ce, "Ta nan take shan iska. Kin yanke mata kai, kin bar mata hanci a waje."

Tabawa ta ce, "Kai ɗan nema! Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

Ya ce, "Kin tambaye ni? Ni ina cikin ruwan, ke kina tambayar na kan tudu."

Tabawa ta yi ɗamara, ta shiga ruwa har ƙugu. Ta dinga yanka daga ƙarƙashin ruwa. Ruwa ya cika kara, saiwa ta ruɓe. Korama ta buɗe, ta gangara lambu tana ƙara.

"Ta yanke duka, Kaka?"

"Ita wawuya ce? Ku saurara."

Hanyar ruwa kawai ta share. Can gefe ta bar fage guda, tana yankansa daga sama don ya riƙa tsirowa duk shekara.

Kifi ya kuɓuce wa Dila. Ya ce a ransa, to ko juji ya samu, ɓeraye su taru ya yi kalaci.

Ya zo ya ce, "Inna, damman nan, juji za ki kai su?"

Ta ce, "Tabarma zan saƙa, da asabari."

Ya jira har tabarma ta tsufa ta yage. Ya dawo ya ce, "Yanzu kam sai juji."

Ta ce, "Sai murhu. Tuwona zai dahu."

Ya jira wuta ta mutu. Ya ce, "To tokar fa?"

Ta ce, "Albasa na jiranta."

Dila ya ce, "Haba, Inna! Ke ba abin da kike zubarwa?"

Ta ce, "Akwai. Shawararka."

A shekarar nan albasar Tabawa ta yi kai kamar dunƙulen hannu. Matan gari suka ɗauki lauje suka bi ta. Shi ya sa har yau mutanen bakin ruwa ke yankan kacalla iri biyu: ƙasa inda suke son ruwa, sama inda suke son tabarma. Shi ya sa kuma Dila ke zagayen bayan gari yana kuka, yana neman jujin da babu.

Abin da ya tsare maka hanya, duba cikinsa kafin ka cinna masa wuta.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa toka! Ku tashi ku naɗe tabarmar nan. Ita ma kacalla ce.