Zagin da Babu Ƙarya a Cikinsa

An yi wani sarki a Birnin Marke, ana ce da shi Jatau ɗan Alwali, wanda aka daɗe ana yi wa addu'ar tsawon rai har Allah ya karɓa fiye da yadda masu addu'ar suka nufa. Ya binne matansa biyu da 'ya'yansa maza uku, ya binne abokan da aka yi musu kaciya tare, har ya zamana duk faɗin fadar babu mai ce masa "ka tuna", sai masu ce masa "gaskiya ne".

Mutum ɗaya ne ke ɗebe masa kewa, shi ne Cindo, ɗan ƙanensa, madugu, wanda ya yi shekara talatin yana kai kanwa kudu yana dawowa da goro. Kowace la'asar Cindo zai zo ya zauna gefen shimfiɗar sarki, ya ba shi labarin koguna da duwatsu da mutanen da ke cin abin da ba a ci, ya yi masa gardama kaɗan, daidai gwargwadon da tsoho ke jin daɗi. Saboda haka da lokacin zaɓen magaji ya yi, ba wanda ya yi mamakin jin sunan da sarki ya ambata.

To amma ƙasar tana da wata al'ada da ake kira sakin baki. Kafin a tabbatar da magaji, sai a yi kwana arba'in kowa yana da izinin faɗin abin da ya sani game da shi a bainar jama'a, ba dogarin da zai taɓa shi. Aka buɗe kwanakin, kasuwa ta rabu biyu. Maroƙa suka tsaya a ƙofar gabas suna lissafa rijiyoyin da Cindo ya haƙa da masallatan da ya yi wa rufi. A ƙofar yamma kuwa wani ɗan gambara mai suna Korau, wanda bakinsa ya taɓa korar hakimi daga gari, ya tara yaransa suna zagin Cindo: wai yana da girman kai, ba ya amsa gaisuwa sai da ka, wai yana shafa turare kamar amarya, wai dokinsa ya ciji liman bai je dubiya ba. Jama'a suka yi ta dariya. Cindo bai yi fushi ba. Ya amsa laifin dokin, ya je ya ba liman haƙuri, sannan ya buɗe rumbunansa duka ya ce wanda yake so ya shiga ya duba. Mutane suka shiga, suka ga kanwa da goro, suka fito suna cewa ba a taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba, ko da yake ba wanda ya faɗi abin da ya yi zaton zai gani a rumbun ɗan kasuwa in ba kaya ba.

Da aka yi kwana talatin, sarki ya aika a kira masa Malam Zailani. Wannan tsohon alƙali ne da aka sauke shekaru da yawa, saboda ya yanke hukunci daidai a ranar da ba a bukatar haka, kuma tun daga nan yake zaune shi kaɗai a lambun albasa bayan ganuwa.

Sarki ya ce, "Malam, ga yabo a gabas, ga zagi a yamma. Ina so ka auna mini su, ka gaya mini wanda ya fi nauyi. Amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta riga ta auna."

Malam Zailani ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in zuciyar sarki ta auna, me ya rage wa mai lambu?"

Sarki ya ce, "Ya rage masa ya duba ko ma'aunin yana da lafiya."

Malam ya yi kwana uku a kasuwa. Bai tsaya ƙofar gabas ba ko sau ɗaya, domin a ganinsa yabo hatsi ne da kowa ya san gonar da aka nome shi. A ƙofar yamma ya zauna, yana saurare. Rana ta huɗu ya koma fada.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na bincika abin da Korau ya faɗa ɗaya bayan ɗaya, na samu duka gaskiya ne. Dokin ya ciji liman, na ga tabon. Turaren ma na ji shi tun daga nesa."

Sarki ya yi murmushi. "To, ai laifuffuka ne da ƙasa za ta iya ɗauka."

"Haka ne. Abin da ya dame ni shi ne, na yi shekara ashirin ina shari'a, ban taɓa ganin maƙiyin da ba ya ƙari ba. Maƙiyi na gaske, in ya samu ɗan kasuwa, farkon abin da zai ce shi ne yana tauye mudu, ko da bai taɓa ganin mudun ba. Ko mai sayar da ƙosai ba ta tsira daga wannan tuhuma. Ga mutum ya yi shekara talatin yana fatauci, ga mai baki irin na Korau ya yi wata guda yana zaginsa, amma bai ambaci ayari ba, bai ambaci ciniki ba, ko da ƙarya. Ban taɓa jin zagi mai tarbiyya irin wannan ba. Ya yi kama da baƙon da ya san ɗakin da ba a shiga."

Fuskar sarki ta canza. Ya ce, "Wannan zato ne, Malam, kuma zato ba hujja ba ne."

"Gaskiya ne, shi ya sa nake roƙon abu ɗaya. Sarki ya ba ni umarni yanzu in nemo mutanen da suka taɓa bin ayarin Cindo. Kada kowa ya ji. Ni kuma mutum ɗaya zan gaya wa."

Sarki ya ba da umarnin, da murya irin ta wanda ya fi so a ce bai bayar ba.

Malam ya sami Korau a gindin wata ceɗiya yana gyara fatar gangarsa. Korau ya ce, "Allah gafarta Malam! Kwana uku kana saurarena ba ka yi dariya ba. Ko dai albasa ta cinye maka haƙora?"

"Suna nan, ina tattalinsu ne. Na kawo maka abin waƙa. Sarki ya sa a nemo 'yan dakon da suka taɓa bin ayarin Cindo, zai tambaye su mu'amalarsa. Ba wanda ya sani sai kai. Gobe ka riga kowa faɗa."

Korau ya yi dariya mai ƙarfi, wadda ta ɗan fi labarin tsawo. Ya ce, "Kai, Malam, ka ba ni nama! Gobe sai gari ya kama da wuta."

Washegari gari bai kama da wuta ba. Korau ya sake waƙar doki da liman, ya ƙara mata baiti biyu.

Da la'asar Cindo ya zo kamar kullum. Ya ba sarki labarin wani kogi da ake haye shi a kan ƙwarya, sarki ya yi dariya, ya ji a ransa cewa watakila tsufa ne ya taɓa Malam Zailani. Har Cindo ya miƙe zai tafi, sai ya juyo kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

Ya ce, "Af, Baba, in har ana neman tsofaffin 'yan dakona, yawancinsu sun watse. Akwai dai wani gurgu a ƙauyen Rimin Gayya, Ɗanjuma, amma taɓaɓɓe ne, ba abin saurare ba. Na faɗa ne don kada a wahalar da kai."

Sarki ya tuna cewa mutum ɗaya tak Malam ya ce zai gaya wa wannan sirri. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Sai gobe." Da Cindo ya fita, sarki ya zauna a wurin bai motsa ba har ladan ya kira magariba.

Aka zo da Ɗanjuma a kan jaki, kuma hankalinsa ya fi na wasu fadawa. Ya ba da shahada cewa wata shekara ciwon ciki ya kama mutum goma sha biyu cikin 'yan dako a bakin wani kogi, Cindo ya ƙi jira don kada goro ya bushe, ya ɗora kayansu a kan sauran, ya bar su ba ruwa ba guzuri. Da ya iso gida, don kada a tambaye shi, ya ce sun gudu da kaya, aka karɓe gonakin iyalansu aka ba shi. Ɗanjuma kaɗai ya rayu, ya dawo bayan shekara biyu yana jan ƙafa, ya tarar an riga an san shi da ɓarawo.

Sarki ya ce, "An yi kwana talatin da biyar ana sakin baki. Me ya hana ku magana, kai da iyalan?"

Ɗanjuma ya ce, "Ranka ya daɗe, matan sun yarda mazansu ɓarayi ne, kunya ta rufe musu baki. Ni kuwa na zo ƙofar yamma ranar farko. Na ga Korau ya riƙe wurin, jama'a na dariya, na ce ai an samu mai faɗa wanda ya fi ni baki, zai kai ga namu. Kullum ina jira ya kai."

Da aka kawo Korau, bai wahalar da kowa ba. Ya ce daga gidan Cindo ake kai masa tuwo, kuma daga can ake gaya masa iyakar inda zai tsaya.

Sarki ya tara majalisa, ya janye sunan Cindo, ya mayar da gonakin ga masu su, ya sa sankira ya zaga gari yana kiran sunayen mutum goma sha biyun nan ɗaya ɗaya, yana cewa amintattu ne. Ya bar zaɓen magaji a hannun masu zaɓen sarki, ya ce ma'auninsa ya tsufa. Sannan ya yafa wa Malam Zailani alkyabba, ya mayar masa da alƙalancinsa, ya ɗora masa kula da sakin baki muddin ransa.

Da jama'a suka watse, sarki ya ce, "Malam, ka cece ni daga kunyar lahira, ka kuma raba ni da mutum ɗaya da ke zama da ni. Ban san wanne zan fi tunawa da kai ba."

Malam Zailani ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban iya hira ba. Amma in shiru zai yi, ina da shi da yawa, zan riƙa kawowa."

Sarki Jatau ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma an ce bai sake ambatar sunan Cindo ba, bai kuma yarda a zage shi a gabansa ba.

Masu hikima sun ce, mai mulkin da ke son adalci kada ya ji tsoron yawan masu yabo, domin kowa ya san farashinsu. Ya tambayi wanda ke ciyar da mai zagi, sannan ya aika a nemo wanda ya yi shiru.