Sunan da Ganga Ta Danne

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya wanda ya sa aka gina masa soro mai bakan gizo. Al'adar garin kuwa, in an gama gini, sanƙira, mai shelar fada, yakan kira sunayen magina a bainar jama'a, kuma wanda sarki ya ji sunansa, da shi za a yi aiki na gaba. Ga shi ana shirin ginin masallaci.

Ranar buɗe soron, sanƙira ya kira Sarkin Magina Jatau da dogon kirari, amma da ya zo kan Barau, tsohon da ya ɗaure bakan nan da hannunsa, sai makaɗi ya rangaɗa ganga da ƙarfi, sunan ya nutse, ga 'ya'yan Barau a tsaye suna jiran su ji. Barau ya kai kuka fada.

Sarki ya dubi Waziri da Alƙali Ilyasu, ya ce, "An kira sunansa, ba a ji ba. Me za a ce an yi masa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dusashewa ce. Babban suna ya rufe ƙarami kamar yadda wata ke dusashe taurari, ba a kuwa taɓa kai ƙarar farin wata ba."

Zuciyar Alƙali ta tafasa, domin yana gefen makaɗin a ranar, ya kuma ga abin da ya faru. Ya ce, "Ran sarki ya daɗe, Waziri ya gafarce ni, amma wata ba ya ƙifta wa makaɗi ido, Jatau kuwa ya ƙifta. Dusashewa hukuncin Allah ce, wani ya fi ka haske, ba hannun kowa. In an sa hannu, danniya ke nan. In a gaban 'ya'yan mutum aka yi, suna tsaye suna jiran sunan ubansu, ƙasƙanci ne. In abincinsa ya tafi, an tauye haƙƙi. Duk an haɗa wa dattijon nan da kiɗa guda."

Jatau, wanda shi ma yana zaune a fadar, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai idona ne ke ƙaiƙayi."

Alƙali ya ce, "To, a kira makaɗin, mu ji ko shi ma hannunsa ne ke ƙaiƙayi."

Jatau ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ba Barau ginin masallacin, ya sa Jatau ya riƙa miƙa masa tubali, ya yafa wa Alƙali alkyabba, sannan ya ce, "Adalci shi ne a saurari ƙaramin suna har a ji shi, ko da za a tsayar da gangar fada."